Sifirin Goma Sha Uku da Idon Yaya Nyon

Biyo Sero Tamu shekarunsa sittin da takwas, tsohon makanikin jirgin ƙasa ne, kuma shi ne mai a-kori-kurar nan da ke kwana a gindin mangwaro a unguwar Banikanni ta garin Paraku. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kwance ƙafafun tarago yana ɗaurawa. Da ya yi ritaya sai hannunsa ya ƙi zama, ya tafi Indali ya sayo wata tsohuwar Fijo wajen wani mai fataucin auduga. Ranar da ya je ɗaukarta sai da aka kori kaza daga kan kujerar direba, da ƙwanta tara.

Ba ya haya da ita, ba ya lodi a tasha. Kullum in ya sha kunu sai ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ya shige, ƙafafunsa kawai ake gani. Masu wucewa ƙafafun suke gaisarwa, murya ta amsa daga ƙasa. Ya cire ruɓaɓɓen ƙarfen bayanta ya shimfiɗa katakon maɗaci, kowane a goge kamar na gadon amarya. Ya sake injin sau biyu. Ya ɗaura mata ƙahon tsohon jirgin fasinja, wanda in ya danna shi awaki har layi na uku sai sun watse. Tamfol ɗin da ke rufe bayan ma shi ya yanka, ya tsaya a kan tela har aka ɗinke.

Amma abin da ya fi ji da shi yana can ƙasa, wato sifirin na baya. A Paraku ba a yaba a-kori-kura daga fenti. Mutum zai zagaya bayanta, ya tsuguna, ya ƙirga fallayen ƙarfen da ke ɗauke da ita. Mai falle tara ana gaishe shi, mai goma sha ɗaya ana ba shi kujera. Motar Biyo ta zo hannunsa da bakwai a kowane gefe. Duk shekara sai ya samo wa kowane gefe ɗaya wajen masu tsofaffin ƙarafa, ya kankare tsatsa, ya lanƙwasa shi daidai da 'yan uwansa, ya ƙara. A shekara ta shida ta kai goma sha uku. Direbobin tashar Nikki suna zuwa takanas su tsuguna, su ƙirga, su miƙe suna girgiza kai.

Su direbobin suna ƙara sifirin ne don suna lodin doya da gawayi har sama. Biyo kuwa ba ya ɗaukar komai sai akwatin sufanu da jarkar ruwa. Motar da aka ɗaure wa baya haka, in babu kaya a kanta, ba ta san lanƙwasa ba. Ko tsakuwa ta taka sai ta yi tsalle. Matarsa Bona, mai sayar da cuku a kasuwar Arzeke, ta daina shiga tun ranar da ta ciji harshenta a hanyar biki, ta yi kwana huɗu ba ta cin yaji.

Abokinsa a wannan harka shi ne Lamidi, makaniki ɗan ƙabilar Nago daga Caworu. Nago da Bariba, ƙabilar su Biyo, abokan wasa ne, saboda haka shekara ashirin ke nan ba su taɓa gaisawa da mutunci ba.

"Kai Bariba," in ji Lamidi duk ranar da ya leƙo, "kakanninka sun bar maka doki ka sayar, yanzu ka mai da mota doki. Saura linzami."

"Tafi can, mai shan manja. Kai da ko keke ba ka da shi."

"Keken me? Ni ƙashin bayana nake so ya kai ni tsufa."

A daminar bana aka kawo yayar Biyo, Nyon, daga ƙauyensu Sinaru. Shekarunta tamanin da ɗaya, ita ce 'yar fari a ɗakinsu, ita ta goye shi. Yanar ido ta rufe mata gani har ta kai ba ta bambance jikokinta sai da murya. Aka yi mata aiki a idon dama a asibitin ido, aka rufe shi da bandeji, aka sallame ta zuwa gidan Biyo. Likitar, wata mace mai magana a gajarce, ta ce kada ta sunkuya, kada ta ɗauki kaya, kuma kada a girgiza ta. In aka kiyaye za ta gani. In ba a kiyaye ba, aikin zai iya lalacewa, kuma a shekarunta ba lalle a sake yi ba.

Kwana uku da sallama Nyon ta ce Jumma'a mai zuwa tana Sinaru. A gidansu ba a ɗora sabuwar doya a wuta sai babbar gida ta fere ta farko da hannunta, kuma an riga an tsai da rana. Mutum arba'in da wani abu suna jiran wuƙarta. Aka koma wa likita da maganar, ta ce in ya zama dole a tafi, amma a tafi da ita kamar an ɗauko ƙwai.

Sabi, ɗan Biyo da ke aiki a Kotonu, ya bugo waya ya ce a ɗauki ƙaramar mota shata. Aka sa wa tsohuwa wayar a kunne.

"Wa ke magana? Sabi? To saurara. Ƙanena yana da mota, duk Sinaru an sani. In sauka daga ta haya su ce me? Su ce Biyo ya mutu?"

"Gwaggo, ba ki san motar Baba ba ne."

"Na san mai ita tun ba shi da wando."

Ko da ta yarda ma, ƙananan motoci ba sa wuce rafin Sinaru da damina. Kilomita arba'in da ɗaya ne, goma sha uku kwalta, sauran jar ƙasa da ruwa ya zaizaye.

Biyo mutumin jirgi ne, ba ya sakin abu a kan hanya sai ya gwada. Ranar Asabar da safe ya cika kwanon sha da ruwa, ya bar yatsa ɗaya daga baki, ya roƙi Bona ta zauna a gaba ta riƙe shi a cinya. In ruwa bai zuba ba, ido ma ba zai ji komai ba. Bona ta dube shi, ta dubi ɗakin da tsohuwa take, ta ɗaura zane ta shiga.

Ba su kai ƙarshen layinsu ba kwanon ya koma rabi. Da suka hau jar ƙasa, ramin farko ya juye sauran a jikinta.

"Baban Sabi, tsaya."

"Bari mu kai wancan gangaren."

"Na ce tsaya! Wanka na riga na yi a gida."

Bai karaya ba, don ya san maganin. Mota mai falle goma sha uku kaya take nema. Washegari ya ari buhun masara ashirin wajen maƙwabcinsa, aka loda, bayanta ya sauka, ta zauna daram kamar an shimfiɗa ta. Wannan karon Lamidi ya riƙe kwanon, don Bona ta ce ta yi nata. A kwalta ko ɗigo bai zuba ba. A jar ƙasa ma ruwan sai kaɗawa yake a hankali. Biyo ya fara waƙa, yana dukan sitiyari.

"Ka gani, ɗan Nago? Ka ga aikin manya?"

"Ina gani. Mu kai rafi tukuna."

Suka kai rafi. Ruwan bai wuce gwiwa ba, amma gaɓar taɓo ce, kuma mota mai buhu ashirin ba ta tafiya a kan taɓo. Tayoyin baya suka nutse har gindi. Biyo ya ba ta wuta, ta yi gaba, ta yi baya, ta yi wata irin zabura da ta aika kwanon kan gilashi. Sai da manoma bakwai suka bar kunyoyinsu suka zo, aka sauke buhu goma sha huɗu a kan ciyawa, aka tura. Lamidi ya fito yana matse riga.

"To, Bariba, ga lissafinka. In ba kaya, ta kashe idon. In da kaya, tsohuwa ta kwana a rafi. Ka cire su."

"In cire me?"

"Ka san abin da nake nufi. Shida nan, shida can. Ta koma yadda uwarta ta haife ta."

"Shekara shida na yi ina tara su."

"Ita kuma shekara tamanin ta yi tana tara idon."

Biyo ya sa aka mai da buhunan, ya juya kan motar zuwa gari. 

Litinin da Talata ya yi ta neman wata hanya. Ya rage iskar taya. Ya ɗora katifa a kan kujera, ya ɗaure filo a jikin ƙofa. Ya gwada da buhu takwas, ya gwada da biyar. Kowane karo kwanon ya dawo da ƙasa da rabi. Ranar Talata da la'asar ya shigo gida hannu duk baƙin mai, ya tarar da yayarsa zaune a tabarma, fuska a ɗage kamar yadda aka ce ta riƙa yi.

"Biyo ne? Na ji warin. Motar ta shirya?"

"Saura kaɗan, Yaya."

"Kada ka wahalar da kanka. Ko ya take zan shiga. In ido ya tafi, dama na saba da duhun."

Da wasa ta faɗa, tana neman goronta da lalube. Biyo ya tsaya yana kallon hannun yana bin tabarma, yana wuce goron, yana dawowa. Ya tura mata shi kusa, ya fita.

Laraba da hantsi ya ɗaga bayan motar a kan jak, ya sa kututture. Bai kira kowa ba, amma Lamidi ya zo da babbar sufana, ya shige ƙasa ta ɗaya gefen. Notunan sun kama, sai da aka jiƙa su da kananzir. Falle na fita Biyo ya goge shi, ya jingine a gindin mangwaro. Kafin azahar goma sha biyu sun jeru. Labari ya kai tashar Nikki, direbobi uku suka zo a kan babur ɗaya. Babbansu, Gunu, ya tsuguna ya ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji.

"Biyar, shida, bakwai. Bakwai! Baba, motar makarantar 'yan mata ka koma?"

"Ƙirga da kyau, wataƙila kai ma yanar ce."

"A ba shi haƙuri," in ji Lamidi daga ƙasa. "Yau aka yi wa dokinsa fiɗiya."

Aka yi ta dariya, har shi mai motar, ko da yake tasa ba ta daɗe ba.

Alhamis aka yi gwajin ƙarshe da buhu huɗu kacal a baya. Bona da kanta ta ɗauko kwanon. Suka je har rafi, suka haye, suka juyo. Da suka tsaya a ƙofar gida ta ɗaga kwanon ta duba zanenta. Wuri ɗaya ne ya jiƙe, bai fi tafin hannu ba.

"Wannan ma ni ce na yi atishawa," in ji ta.

Ranar Jumma'a suka tashi da ƙarfe bakwai. Nyon a tsakiya, Bona a gefe tana tallafe da kanta. Biyo bai wuce giya ta biyu ba tun da suka bar kwalta. Duk rami sai ya tsaya ya dube shi kamar zai saya. Wani mai keke ɗauke da damin itace ya wuce su, ya juyo ya tambaya ko mai ne ya ƙare.

"Biyo," in ji tsohuwa, "jirgin naku ma haka yake tafiya? Shi ya sa aka sallame ka?"

"Ritaya na yi, Yaya."

"Haka ake cewa."

Awa uku da rabi suka yi. Bai danna ƙahon ba sai da ya sauke ta ya zaunar a kujera, sannan ya koma ya danna sau ɗaya, duk ƙauyen ya fito. Aka kawo doyar a faranti, aka ɗaga mata ita daidai ƙirji don kada ta sunkuya, ta fere, aka yi guɗa. Kafin la'asar turmi shida suna amsa wa juna, aka ci sakwara da miyar agushi har aka bar saura.

Bayan mako biyu ya mai da ita asibiti a motar, a irin wannan tafiyar. Likita ta haska idon, ta ɗaga yatsu, tsohuwa ta ƙirga daidai har daga bakin ƙofa. Da suka fito wajen ajiye motoci Nyon ta tsaya, ta rufe idon hagu da hannu, ta ƙare wa a-kori-kurar kallo daga gaba har baya.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Yaya."

"Ashe haka ta tsufa? Shekara shida ina yabonta a Sinaru!"

Niyyarsa da ya gama da asibiti ya mai da fallayen wurinsu. Amma an ce za a yi wa idon hagu aiki bayan kaka, kuma Bona ta soma cewa a sauke ta a kasuwa da safe. Ana cikin haka maƙerin Sinaru ya aiko, ya ce ya ji akwai ƙarfen sifirin a gidan, kuma babu abin da ya kai shi yin garmar doya. Biyo ya yi mako guda yana cewa zai duba.

Ranar Alhamis da ta wuce ya loda falle goma ya kai maƙera, ya zauna a kan kututture har aka fitar da garma ta farko daga wuta, ya karɓa ya gwada bakinta da babban yatsa. Sauran biyun ya shafa musu baƙin mai, ya naɗe a buhu, ya tura bayan kujerar direba.