Fim ɗin Gyaɗar Baffa

Shekarar da muke ajin ƙarshe a makarantarmu ta Gaya, malaminmu na Turanci ya dawo daga wani kwas a Kano da kamarar ɗaukar fim ta aro. Ba ta fi kwanon sha girma ba, kuma murɗa ta ake yi kamar agogo. Ya ajiye ta a kan tebur, ya ce aikinmu na wannan zango shi ne mu shirya fim da kanmu. Naɗin fim ɗaya aka ba shi, ba ya ɗaukar murya, kuma kafin mutum ya shanye koko ya ƙare. Don haka sai mun san abin da za mu ɗauka tun kafin a taɓa ta.

Mu dai majigi muka sani, wanda motar gwamnati kan kawo filin kasuwa a nuna mana haƙa masai da amfanin allurar rigakafi. Yawancin 'yan ajin dambe suka so a ɗauka. Malam ya ce ɗan dambe ba zai tsaya jiran mai kamara ba. Aka kwana biyu ana ja-in-ja, daga baya aka tsaya a kan gyaɗa, tun daga cira a gona har kasuwar Ajingi, tunda kaka ta yi. Ni aka ɗora wa neman gona, saboda baffana, yayan mahaifina, yana da babba a Balan.

Muka raba allo gida-gida da alli, kowane gida aka zana abin da za a gani a ciki: mai cira, gyaɗa a shanye, mata suna ɓara, jaki da mangala, sai ma'auni a kasuwa. A cikin gidajen allon, na matan ne ya fara faɗuwa. Da na je Balan, baffa ya ce gona ya ba mu, amma cikin gida ba a shiga. Muka shirya wani ɗan ajinmu zai zauna a zaure ya ɓare, a ɗauki hannuwansa kawai.

Ranar Asabar da hantsi muka isa gonar. Muka tarar da baffa yana jiranmu cikin farar babbar rigarsa ta Juma'a, da hula, da takalmin fata. Malam ya gaishe shi, ya ce da kayan aiki muka so ya fito.

Baffa ya ce, “Malam, abin nan Kano za a kai shi a wanke, ko?”

“Har gaba da Kano, Baba.”

“To, ba za a gan ni a can da tsumma ba.”

Ya naɗe hannun rigar a kafaɗa, ya sunkuya ya shiga cira. Malam ya ɗauka a haka.

A kasuwar Ajingi ba mu ko isa wurin ma'auni ba. Mutane suka bar ciniki suka zagaye mu, kowa yana leƙen idon kamarar, har naɗin ya ƙare a kan fuskokinsu.

Sai bayan jarrabawa fim ɗin ya dawo. Aka aro injin majigi da janareta, aka toshe tagogin aji da tabarmi da rana tsaka. Ni na tsaya a gefe ina bayani da baki. Wurin hannuwan nan ya yi duhu, ba a ganin komai, amma gonar ta fito fes. Baffa ya zo a keke, aka ba shi kujera a gaba. Da aka gama ya nemi a maimaita, aka maimaita. Abin da ya ce kawai shi ne jakinsa ya rame a hoto. Ya yi wa malam godiya, ya hau keke ya koma Balan don ya riski la'asar.