Ranar Da Na Hana Sha-Wuya Mutuwa

A shekarun farko bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, ina zaune a Sabon Garin Jega wurin kawuna, ina karatun littattafai a zaure da safe. Allah ya yi ni da baki, har innarmu takan ce da surutu noma ne, da rumbuna ya fi na kowa cika. Wani Alhaji a unguwarmu ya dawo daga Saudiyya da bidiyo da kwali guda na kaset, ya kafa rumfar zana, ya sayi janareto, ya buɗe gidan kallo. A cikin kwalin akwai wani dogon katun na mutanen Japan, irin wanda yaran yanzu ke kira anime, amma an ɗora masa murya da Larabci. Larabcina bai taka kara ya karya ba, sai dai a rashin uwa akan yi uwar ɗaki, don haka ni aka miƙa wa makirfo. Kullum bayan la'asar sai in zauna gefen talabijin ina juya wa jama'a magana zuwa Hausa. Abin da na gane in faɗa, abin da ban gane ba in cike da nawa. Ba wanda ya taɓa kama ni, kuma a nan na saba da halin da ya ja mini abin da zan ba ku labari.

Sunan jarumin katun ɗin ya gagari bakinmu, sai muka laƙaba masa Sha-Wuya. Wani siririn saurayi ne da wuta ke fita daga tafin hannunsa, yana tsare garinsu daga dodanni. Ba ƙarfinsa ne ya sa muka so shi ba. Dukan da yake sha ne. Za a naɗa masa na jaki, a karya shi, a jefar, kowa ya ce shi ke nan, sai ka ga yatsunsa sun motsa, ya dafa ƙasa ya miƙe. Yana da wani tsohon malami mai farin gemu da ke jinyarsa duk lokacin da aka farfasa shi. Kada ku ɗauka yara ne kawai ke cika rumfar nan. Magidanta ne, da 'yan dako, da direbobi, da mahauta, ranar kasuwa har daga Katanga ake zuwa. Ni kuwa da muryata ce muryarsa, wallahi na kai inda idan aka buge shi a allo nakan ji abin a haƙarƙarina.

Ina da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin albasa ne a Giwa Tazo ta ƙasar Maiyama. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya ce in tafi Jega karatu, gona ta ishe shi shi kaɗai. Mutum ne mara yawan magana, ba ya zama, ba ya son a yi masa abin da zai iya yi da hannunsa. A ranin wannan shekara ya zamo daga saman motar kaya, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye. Aka kai shi Aliero gidan wani dattijo mai ɗori. Dattijon ya gyara ƙashin, ya jera karare ya ɗaure, sannan ya kafa masa doka guda: kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai ranar da shi da bakinsa ya ce ta taɓa, ko da wata biyu za a yi. A lokacin albasar Yaya tana fadama ta fara girma, maƙwabta ne ke yi masa ban ruwa idan sun gama nasu. Wannan ya fi karayar ci masa rai.

Duk Juma'a nakan hau a-kori-kura in je duba shi. Zuwan farko na rasa abin da zan ce wa mutumin da ya zuba wa rufin ɗaki ido, sai na fara ba shi labarin Sha-Wuya. Ya harare ni, ya ce ashe karatun da ya tura ni ke nan, fassarar zanen yara. Amma da na tashi tafiya sai ya tambaye ni ko yaron ya tsira daga ramin da aka jefa shi. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. In na shigo, sauran masu karaya da ke ɗakin sai su yi tsit, ni kuma in tsaya a tsakiya ina kwaikwayon dodo da jarumi, har da tsalle. Yaya ya fara dariya, ya fara cin tuwonsa duka. Wata rana ya ce mini shi da Sha-Wuya jirgi ɗaya ya kwaso su, in dai wannan ɗan firit ɗin yana miƙewa, to shi ma zai miƙe. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, ban san igiya ce nake murɗa wa kaina ba.

Kaset na ƙarshe ya zo ran Laraba, rumfa ta cika har waje. Ban taɓa ganinsa ba kafin a sa, don Alhaji ba ya ƙona mai saboda mutum ɗaya. A cikinsa Sha-Wuya na kwance a karye, tsohon malaminsa ya gargaɗe shi cewa jikinsa bai haɗe ba, idan ya fita yanzu ba zai dawo ba. Babban dodo ya shigo gari. Sha-Wuya ya kwance ɗaurinsa, ya sulale ya fita, ya ƙone dodon da dukan wutar da ta rage masa, sannan ya faɗi. Muka zuba wa yatsunsa ido muna jira. Ba su motsa ba. Tsohon ya zo ya rufe masa ido, aka nuna kabari, rubutun ƙarshen fim ya fara hawa. Na ɗaga makirfo na ce Sha-Wuya ya mutu. Wani mahauci ya miƙe ya ce ƙarya nake yi, fassarar ce na ɓata, ko da yake kowa ya ga kabarin da idonsa. Aka tilasta wa Alhaji ya mayar da kaset baya har sau uku, sau uku kuma Sha-Wuya na mutuwa. Wani ya jefi talabijin da takalmi. Ni ban jefi kowa ba, amma na fi su jin haushi. Na ji kamar an ci amanata. Wata huɗu muna bin yaron nan, a ce sakayyarsa ke nan? Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Daga Laraba zuwa Juma'a hankalina bai kwanta ba. Da wane baki zan gaya wa Yaya? Mutumin da ya rataya ransa ga miƙewar Sha-Wuya, in je in ce masa wannan karon bai miƙe ba? Kuma ku sani, a wurinmu ba a kai wa majinyaci mugun labari. Ko rasuwa aka yi a dangi akan ɓoye masa sai ya ji sauƙi. Da wannan na lallashi kaina a cikin mota, tun daga tashar Jega har Aliero. Amma yau da nake rubutu ba zan yi wa kaina ƙarya ba: ba don Yaya kaɗai na yi ba. Ni ma ban yarda da mutuwar ba, kuma ga ni da ɗaki guda na mutanen da ba su ga kaset ba, waɗanda duk abin da na faɗa shi ne gaskiya.

Na ba su labarin tiryan-tiryan har zuwa faɗuwarsa, sannan na motsa masa yatsu. Na tashe shi. Na sa jama'ar gari suka ɗauke shi a kafaɗa, na sa tsohon malamin ya durƙusa yana neman afuwa, yana cewa ashe zuciya ta fi ƙashi saurin haɗewa. Ɗakin ya kaure da kabbara. Yaya kuwa sai murmushi yake yi yana shafa kararen cinyarsa. Da na fito, dattijo mai ɗori, wanda ashe yana bakin ƙofa yana ji, ya kira ni gefe. Ya ce shi bai san zanen Japan ba, amma bai ji daɗin labarin da mara lafiya ke saɓa wa mai magani kuma ya wanye lafiya ba, musamman a ɗakin masu karaya. Na yi dariya na ce Baba ai wasan yara ne. Ya dube ni ya ce to, Allah ya sa.

Kwana uku bayan nan wani ya zo dubiya ya ambata cewa injin ban ruwan maƙwabcin Yaya ya lalace, albasa ta kwana biyu ba ruwa. Washegari da hantsi, dattijo ya fita ɗebo magani, Yaya ya sassauta ɗaurin, ya dogara sanda ya fita bakin hanya, ya tari ɗan kabu-kabu, ya hau babur zuwa Giwa Tazo. Waɗanda ke ɗakin sun ce sun hana shi, ya ce musu zuciya ta fi ƙashi saurin haɗewa. Kalmomina ne, ni na ƙirƙire su a cikin a-kori-kura. Ya isa fadama, ya zo tsallake wata 'yar hanyar ruwa da ko akuya ba za ta yi wa tsalle ba, ƙafar ta ɗauki nauyinsa, ƙashin ya sake ɓallewa a inda ya fara kamawa. Da aka mayar da shi, dattijo ya yi iya yinsa, amma ya faɗa mana gaskiya cewa ɗori na biyu ba ya zama kamar na farko. Ƙafar ta haɗe a karkace, ta gajarce. Ranar da na je duba Yaya, dattijon kallo ɗaya ya yi mini ya ci gaba da niƙa maganinsa.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, kuma a jikin wani. Na ajiye makirfo, na daina zuwa Aliero da sunan karatu ya yi yawa. Da Yaya ya koma gida na rage zuwa Giwa Tazo, daga Salla sai Salla, sai suna ko rasuwa. In na je ma ba na iya zama kusa da shi, don ƙarar sandarsa a ƙasa tana tsinka mini zuciya. Kullum ina cikin fargabar ranar da wani wanda ya ga kaset ɗin zai yi suɓutar baki a gabansa. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na zama malamin makaranta, gemuna ya yi fari, tsoron nan bai bar ni ba. Dangi suka ce birni ya sa ni girman kai. Na gwammace su ce haka.

Bara babban ɗansa ya zo gidana a Jega da murna, ya nuna mini waya, ya ce ya samo katun ɗin nan da babansu ke yawan ambata, zai kai masa su kalla tare. Na ce ya ba ni mako guda kafin ya nuna masa. Ran Juma'a na tafi Giwa Tazo, na tarar da Yaya a inuwar rudu, rumfar ajiyar albasarsa, ƙafar a miƙe, sanda a gefe. Na zauna a ƙasa, na faɗa masa komai ba tare da na ɗaga kai ba.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ya sani. Tun yana kwance a ɗori na biyu aka kawo wani direba daga Jega da karayar hannu, shi ya ce masa ai Sha-Wuya mutuwa ya yi. Ya ce ya dakatar da direban, bai bari ya ba shi sauran ba, don labarin nawa ne, ni zan ƙarasa masa. Ya ce ƙafa kam shi ya taka ta da kansa, ba ni na ɗauke shi na kai fadama ba, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne duk Juma'a yana sa ido a ƙofa, ƙanensa bai shigo ba. Daga nan ya gyara zama, ya ce to, yanzu in gaya masa yadda yaron ya mutu. Na ba shi, tun daga gargaɗin tsohon har kabari, ban ƙara ko kalma ba. Mu biyu, dattawa da jikoki, muka zauna muna share hawaye a kan mutumin da aka zana da alƙalami. Da na gama ya ce ashe tsohon ne mai gaskiya, sannan ya ce in miƙo masa sandarsa, an kira la'asar.

Na rubuto wannan ne saboda ina ganin yaranmu yau suna fushi da waya a hannu idan an kashe musu jarumi, suna zagin waɗanda suka tsara labarin. Na san zafin, na sha shi. Ku yi fushinku, ku yi kukanku, amma kada ku raina ƙarshe mai ɗaci, wani lokaci shi ne ke ɗauke da gargaɗin. Wanda kuma Allah ya ba baki har mutane suka yarda da shi, ya ji tsoron abin da zai zuba a kunnen mai rauni, don mara lafiya ba ya jin labari a matsayin labari. In kuwa ka riga ka yi ɓarnar, kada ka gudu kamar yadda na gudu. Ƙaryata ta minti biyar ta ci ƙafar yayana, amma kunyar da na ɓuya a bayanta ta ci mana shekarun da ba za su dawo ba. Yanzu duk Juma'a ina Giwa Tazo. Tare muke tafiya masallaci, a hankali, ina gefensa na dama, ina jin ƙarar sandar.