Turmin Aishat

Duk wanda ya taɓa sayen busasshen kifi a Ketaren Gwari da ke Minna ya san Ndatsu, Banufen nan mai gajeren wuya da dogon surutu. Kaɗan ne suka san cewa dattijon da ke korar ƙuda a kan tire ya yi shekara ashirin yana tuƙa kwalekwale a kogin Kaduna, ƙasa da Zungeru, kuma wajen tafiyar dare babu mai kama ƙafarsa.

Dabararsa ba ta da yawa. Ba ya kunna fitila a jirgi, wai haske hancin jirginka kawai yake nuna maka, ya rufe maka sauran duniya. Da kunne yake tuƙi: kukan ruwa a kan dutse daban, a kan yashi daban. In kuwa damina ta yi nisa, hazo ya kwanta a kogi har mutum ba ya ganin filafilin tuƙin da ke hannunsa, sai matarsa Aishat ta mirgino turmi bakin gaɓa ta yi ta dakan banza, gum, gum, shi kuma ya bi sautin har gida. Tun tana amarya suka ƙulla haka: ba ta ajiye taɓarya sai ta ji muryarsa.

A 1987 Ndatsu ya je Minna ya sayo tsohon injin jirgi da tocila mai batir shida. Ya dawo yana taku kamar shi ya ƙera su.

"Aishat, turminki ya yi ritaya. A ba shi fansho."

"Maigida, injin ya san gida?"

"Abin da ya taso tun daga Japan bai ɓata ba, nan ne zai ɓata?"

Ranar kasuwar Wushishi ya fita, ya bar filafili jingine a rumfa, don ɗaukarsa raini ne ga inji. Da zai dawo bayan isha'i ya ɗauko abokinsa Shekwolo, Bagware manomin doya. Ruwa ya tsuge, ya koma yayyafi, hazo ya rufe ko'ina. Ndatsu ya haska tocila, bai ga komai ba sai farin bango.

Shekwolo ya ce, "Kashe abin nan mu saurara, Banufe."

"Kai da iyakar ruwan da ka sani na randa ne, kai za ka koya mini kogi?"

Inji na ta ihu, suka wuce gaɓar gida ba su sani ba. Sai da mai ya ƙare, can ƙasa, ruwa ya jingina su da wani zangon masunta. Aka ba su wuta da gasasshen kifi. Turmi ya faɗo wa Ndatsu a rai, sai ya ce ai na sallame ta, tana ɗaki tana barci. Ya miƙe ƙafa ya yi minshari.

Da hantsi ya iso da filafilin aro. Tun daga kwanar kogi ya ji shi: gum, sai shiru mai tsawo, gum. Maƙwabta sun roƙi Aishat ta bari, sun karɓi taɓarya ta ƙwace. Zanenta ya jiƙe sharkaf, tafin hannu ya ɗaye.

Ta dube shi, haƙora na kaɗawa. "Injin ya san gidan?"



Sanyi ya kama mata ƙirji. Ndatsu ya kawo ta asibiti a Minna, ta kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Bai koma kogi ba. Injin ma tsatsa ce ta gaje shi.

Har yau yana zolayar masu saye, yana rantsuwa kifinsa da alwala ya mutu. Amma da wata maƙwabciya ta fara daka a bayan katanga, sai maganar ta tsinke masa a tsakiya. Ya karkata kunne, ya ce a hankali, "Ga ni, na iso."

Mai saye yakan ɗauka da shi ake.