Ranar da Aka Sa Ni Tuƙa Kwale-kwale a Bronx

A farkon shekarun casa'in, lokacin ina direba a wani ofishin jakadanci a New York, maigidana ya shiga wata ƙungiya ta masu jiragen ruwa a can gefen Bronx. Ba shi da jirgi, bai kuma iya iyo ba. Amma ya sayi farar hula irin ta kyaftin, duk Asabar sai in kai shi ya zauna a baranda yana kallon jiragen mutane, yana gyaɗa kai kamar shi ya ƙera su.

Ƙungiyar na da asusun da take biya wa ɗalibai masu koyon ƙera jirgi kuɗin makaranta. Wata shekara da bazara suka shirya tseren kwale-kwale don tara kuɗi. Duk wanda zai shiga ruwa, abokansa su yi alkawarin ba da wani abu in ya zagayo wata jar alama ya dawo. Yallaɓai ya miƙe a taro ya ce ba za a bar ƙasarsa a baya ba. Aka yi masa tafi.

A mota ya ce, "Kai ba ɗan Yawuri ba ne?"

"Ɗan Yawuri ne, ranka ya daɗe."

"To shi ke nan, kai za ka tuƙa."

Na ce masa babana tela ne, kuma innata dukana take yi in ta ji na leƙa bakin kogi. Iyakata da jirgi, in biya kuɗin fito in zauna a tsakiya ina salati. Ya ce in daina tawali'u, abin a jini yake.

Neman masu alkawari ma ni aka ɗora wa. Na bi Fordham Road ina roƙon 'yan kasuwar Nijar. Wani Badamagare mai sayar da agoguna ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, wato mu da muka taso cikin rairayi, mu ne za mu koya wa Amurkawa jirgi?" Ya ce zai bayar, amma sai in zai ga tuƙina da idonsa. Ranar tseren su shida suka naɗe teburansu suka zo kallo.

Wata ɗaliba ce ta miƙa mini jirgin, mace mai kimanin shekara talatin, hannayenta duk sun yi kanta saboda aiki. Ita ta ƙera shi a lokacin sanyi. Ta ɗaura mini rigar hana nutsewa, ta ba ni filafili biyu, ta zaunar da ni ina ba wa inda zan nufa baya. A garinmu mutum yakan fuskanci inda za shi, amma wane ni in gyara wa masu ilimi?

Aka busa usur, kowa ya miƙe hanya. Ni kuwa sai jirgina ya kama juyawa wuri guda. Yallaɓai na daga baranda yana ɗaga hula yana ihu, "Dama! Dama!" Mutanen Nijar na ba ni nasu umarnin da Faransanci, Badamagaren ya riƙe ciki har ya durƙusa.

Ɗalibar ce ta shigo wani jirgi ta iske ni. Ba ta yi dariya ba. Ta ce hannuna na dama ya fi ƙarfi, in sassauta shi, in ja tare da ƙirgarta. Haka muka tafi tana ƙirgawa ina ja, har muka zagayo alamar. Da muka dawo wasu sun gama cin abinci. Tambayar farko da ta yi mini ita ce ko ruwa ya shiga jirgin. Na ce ko ɗigo. Sai a lokacin na ga haƙoranta.

'Yan Nijar suka ninka abin da suka yi alkawari, wai sun daɗe ba su ga wasa mai arha haka ba. Takardar labaran ƙungiyar ta buga hoton yallaɓai, ta yaba da jagorancinsa. Ni gwiwar hannuna ce ta fito a gefe.

Daga baya na ji ɗalibar tana cikin waɗanda asusun ya biya wa kuɗin shekara ta biyu. Tafin hannuna kuwa ya yi bororo, sai da na yi sati ina riƙe sitiyari da yatsu. Yallaɓai ya lura da haka ranar Laraba, ya ce baɗi sai mu fara atisaye da wuri.