Sista Elizabet da Ledar Fiya Wata

Kowace safiya Sista Elizabet takan sauka daga keke napep a ƙofar asibiti, ta sayi fiya wata a wurin mai shago. Ba sha za ta yi ba, kayan aiki ne. A sashen masu ciwon zuciya ta tsufa, ga shi wannan watan ta yi ritaya. Mace ce mai faɗa da dariya a baki guda, idan ka tsallake magani sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Ku tambayi Zulfa, 'yar Malam Bawa ladanin wani masallaci a Bagadaza. Zuciyar mahaifinta ta yi rauni, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarta. Har ta kai yakan yanke a tsakiyar kiran salla, wani ya ƙarasa masa. Wannan ya fi ciwon ci masa rai. Likita ya ce ɓangarorin zuciyarsa biyu sun daina matsewa tare, ya tura shi babban asibiti a dasa masa 'yar na'ura mai daidaita su. Malam Bawa ya ce atafau. Da Zulfa ta kai shi wurin Sista, sai ya dubi Sista ya ce:

"Ni da batir a ƙirji? In aka ɗauke wuta fa, 'yata?"

Sista ta yi dariya har da hawaye. "Baba, batirinta na cikinta, shekaru yake yi. Riƙe min wannan."

Ta huda ledar fiya watan, ta ce ya matsa da hannun dama, sannan na hagu. Ruwan ya gudu nan, ya koma can, ɗigo kaɗan ya fito.

"Haka zuciyarka take yi da jini. Tana wahala, aikin ba ya gaba. Yanzu matsa da duka biyun lokaci ɗaya."

Ya matsa. Ruwa ya yi tsiri ya wanke masa gemu. Dattijo ya yi sororo, sannan ya tuntsire da dariya, ya ce a kawo wata ledar.

Bayan an dasa ya dawo, Sista ba ta sakar masa mara ba. Ta hana shi ɗaga hannun hagu sama har wurin ya warke, ta ja masa kunne cewa na'ura ba ta sallami magani ba. Sannu a hankali kumburi ya sace, ya koma kwana da filo ɗaya, ba sai ya tara su ya jingina don ya samu numfashi ba.

Sista, ke ce mai mayar da tsoro abin dariya. Ba ki taɓa yanka kowa ba, amma mutane da yawa ba su yarda sun kwanta gaban likita ba sai da suka ji ta bakinki. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma matasan ma'aikata, ku koyi zama da mara lafiya har sai ya gane, don mai tsoro ba ya jin Turanci.

Ran da aka yi mata walimar ban kwana, tana hanyar gida Pantami ta sa mai keke ya ratsa ta Bagadaza, ya kashe inji. La'asar ta yi. Muryar Malam Bawa ta tashi, ta ja, ta ƙara ja, har ya kai ƙarshe ba wanda ya karɓe shi. Sista ta share ido da bakin gyale.

Mai keke ya waiwayo. "Mama, ba coci kike zuwa ba?"

"Ja mu tafi," in ji ta. "Na zo duba mara lafiyata ne. Ya warke."