Labarin da Aka Ɓoye wa Tela

Tela ya tsufa a shago ɗaya, a bakin hanyar kasuwa, yana taka keken ɗinkin da ya gada. A wancan zamani in riga ta yage ba a yar da ita, wurinsa ake kai ta. Akwai benci a ƙofar shagon, kuma kullum Mai Faci ke kai, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ke liƙe tayoyin kekuna a gefe. Yini suke yi suna tsokanar juna.

Da hawan jini ya kayar da Tela a kan keken, ma'aikacin asibitin ƙauyen ya gaya wa 'yar Tela ta fari abu uku: magani kullum, rage gishiri, kuma kada a tayar masa da hankali. Na ukun ta fi riƙewa. Ta cire batirin rediyo. Da akuya ta mutu, ta ce an kai ta kiwo. Duk mai shiga gaisuwa sai ta tare shi a ƙofa ta tace masa abin da zai faɗa.

Ana cikin haka Mai Faci ya kwanta, bai tashi ba. 'Yar Tela ta bi maƙwabta gida gida tana roƙo a yi shiru.

"Wai ina wannan mai bakin tsiyar?" in ji Tela. "Ko ƙafarsa ce ta yi faci?"

"Ya tafi birni wurin ɗansa, Baba."

"Ba sallama?"

"Tafiyar ta zo da gaggawa."

Jinin kuwa ya sauka. Ma'aikacin ya auna, ya yaba mata, ya ce da kowa na da 'ya irinta da ya huta. Ta yi godiya kanta a ƙasa. Uban yana cin abinci, yana shan magani, yana zaune a tabarma yana kallon bango. In ya ji ƙararrawar keke a waje sai ya ɗaga kai.

Wata safiya tana shara ta ji yana faɗa wa wani baƙo: "Ɗan Adam ke nan. Ya ga na faɗi, ya kama gabansa. Ashe inuwar shagona yake so, ba ni ba. Ko ya dawo kada a bar shi ya shigo."

Tsintsiyar ta yi mata nauyi. Mutumin da ake zagi shi ne ya goya uban nata zuwa asibiti ranar da ya faɗi. Da baƙon ya fita ta durƙusa.

"Baba, bai je birni ba. Ya rasu tun kana kwance. Ni na hana a gaya maka."

Ta zuba wa jijiyar wuyansa ido, tana jiran abin da ta daɗe tana tsoro. Bai faɗi ba. Ya daɗe yana murza bakin rigarsa.

"Kin kyauta wa jinina," ya ce a hankali. "Amma kin bar ni ina cin naman mamaci. Miƙo min takalmina."

"Rana ta yi zafi, Baba."

"Matarsa na can tana cewa ban zo ba."

Ta ɗauki ƙaramar kujera ta bi bayansa, don dole ya huta a hanya. Bai waiwayo ba, ita ma ba ta ce ya rage sauri ba.