Malam Sualah, Wanda Ya Koya wa Kifi Cin Wake

Shekara goma sha tara ke nan Malam Sualah, mutumin Zangon Kumasi, yana sauka daga motar ma'aikata da hantsi a wata gonar kifi da ke bayan Ras Al Khor, a Dubai. Kafin ya taɓa buhu ko tsintsiya, sai ya zagaya tankunan karfasa, ya tsaya ya ga yadda suke karɓar abinci. A bizarsa dai lebura aka rubuta.

Shekara shida da suka wuce, garin busasshen kifi da ake haɗa abincinsu da shi ya yi wuyar samu, gonar ta koma ga waken suya da masara. Karfasa suka ƙi ci. Waɗanda suka ci cikinsu ya kumbura, kullum ana kwashe matattu. Abin ya dami Malam Sualah, domin shi ne mai kwasar.

Wata Juma'a ya je unguwar Al Sabkha wajen Hajiya Sauda, Bakanuwa mai sayar da kayan miya, ya tambaye ta yadda ake daddawar waken suya.

Ta yi dariya ta ce, "Malam, aure za ka yi, ko miyar gwauro ce ta ishe ka?"

Ya ce, "Hajiya, kifi zan yi wa."

Ta ce, "Ikon Allah! Kifin Dubai ma ya san daɗi."

A wata rumfa cikin gonar ya dafa waken, ya rufe shi kwana uku har ya yi tsami, ya shanya. Ya ƙara yis, da garin zogale, da tafarnuwa kaɗan. Wata huɗu yana gwadawa a tanki ɗaya, yana ragewa yana ƙarawa. Idris, abokin aikinsa, ya shaida ranar da ruwan tankin ya tafasa da wawason kifi. Yau da wannan haɗin ake ciyar da gonar baki ɗaya.

Da aka buga bayanin haɗin, sunan mai kula da ɗakin gwaji ne a kai, mutumin da ke toshe hanci in ya wuce rumfar daddawar. Malam Sualah bai yi ƙorafi ba. Abu guda ya roƙa, a gyara masa sunan aikinsa a biza domin a ci gaba da riƙe shi, ganin ya cika shekara sittin. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Inshallah, habibi." Sau uku ana wannan inshallah. A na huɗu aka ce masa khalas, wato zance ya ƙare, gona na son masu jini a jika. Ranar Talata jirginsa zai tashi.

Hajiya Sauda ta ce masa, "Wallahi da ni ce, da sirrin zan tafi. Su ci takardarsu!"

Ya ce, "Hajiya, manaja ba ya cin abincin nan. Kifin ne zai kwana da yunwa."

Kwanakin da suka rage masa, a rumfar yake cinye su, yana nuna wa Idris ƙanshin da ke nuna wake ya nuna.

Kai ne gwanin da aka kira lebura, Malam Sualah, kai ne mai ilimin da ba a ba allo ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya kai ka gida lafiya. Matasanmu, ku riƙe aiki kamar yadda ya riƙe. Masu gona kuwa, mun rubuta sunansa a nan, tunda ku kun kasa.